Kwalbar Panyol a Rijiyar Abba

Sau uku ina ɗaukar alƙalami kan wannan labari ina ajiyewa. Na farko na ce, mutumin da ya taka har Makka da ƙafarsa ya dawo, ina shi ina zancen giya a takarda? Na biyu uwarku ta leƙo ta ce, "Malam, in dai za ka rubuta wannan, ka sa a ƙasa cewa ba na nan aka yi." Gaskiyarta, lokacin ko ƙofar gidansu ban sani ba. Na uku har na naɗe takardar zan sa a murhu, sai na tuna sallar bara, yadda kuka gaida baffanku Bukar a tsaitsaye kamar ƙasan zauren da ƙaya, kai Mamman har da kau da kai. Na san abin da kuka tsinta a bakin mutane: wai ni ne babba, garkar dabinon kakanku tawa ce, Bukar ya zagaya ta baya ya karɓe. To ku zauna da kyau. Bukar bai karɓe komai ba.

Garkar tana cikin kwarin da ke kudu da Gure. In ka fita bayan sallar asuba a kan jaki, hantsi na yi kana ciki. Kun san kwarin ƙasarmu: tudun rairayi ko ta ina, rana tana dukan ƙeya, sai ka gangara ka faɗa inuwa, goriba a baki-baki, dabino a ciki, can tsakiya farin kanwa. Rijiyoyin maƙwabta duk suna da ɗanɗanon kanwa, tamu kaɗai ce mai daɗi, gaba biyu da rabi zurfinta, an ɗaure cikinta da kututturan goriba tun zamanin kakan Abba. Abba, wato kakanku, yana da bishiya talatin da 'yan kai, kowace da sunanta. Akwai 'Yar Gata da ke gindin rijiya, akwai Mai Rowa da ba ta haihuwar kirki sai shekara biyu-biyu, akwai Karkatacciya da ta tsiro a iyakarmu ta sunkuya cikin garkar maƙwabcinmu Ba Madu, ita ce abin faɗansu shekara da shekaru: gindi namu, 'ya'ya suna zuba wajensa. Wasan da muke yi da Abba muna yara shi ne mu rufe masa ido da rawani, mu sa masa dabino ɗaya a baki. Zai juya shi, ya tsotsa, ya tofar da ƙwallon a tafinsa ya ce, "Mai Rowa ce, kuma daga nonon da ke fuskantar gabas." Bai taɓa kuskure ba. Mu muna ɗauka duk uban kowa haka yake.

A shekarar da nake ba ku labari, ana cikin talatin da wani abu a lissafin Nasara, babban yaƙi bai zo ba tukuna, gwiwoyin Abba suka fara ƙin hawa. Ya kira ni da Bukar bayan sallar Juma'a ya ce:

"In an sauke dabinon bana zan tara mutane in danƙa wa Ari garka. Kai Bukar ka riƙe gonar gero ta tudu."

Bukar ya ce to. Ni ma na ce to, kuma ina so, kada ku ce ba na so. Shekaruna ashirin da biyar, duk kwarin nan ba wanda bai san mai garkar Abba mutum ne ba. Sai dai ƙafar yawo gare ni tun lokacin. Na riga na taɓa bin ayarin kanwa har Kano na ɓace shekara guda, na dawo ta Damagaram na yi aikin hanya, inda na tsinto Faransanci cikin cokali. Wannan cokalin Faransancin ne ya jawo mini komai.

A cikin rani kumandan, Baturen mulkin Gure, ya sa aka kawo wani magini daga arewa don ya gina rijiyoyin siminti a kan hanyar Kelle. Bature ne amma ba Bafaranshe ba, mutumin Ispaniya ne. Sunansa Ramon, duk Gure kuwa Panyol ake ce masa. Gajere, baƙin gashi, hannu kamar faskare, kuma ba ya cin abinci tare da manyan bariki, a rumfarsa yake ci yana korar ƙuda da hula. Ana neman wanda ya iya shiga rijiya ya kuma ji Faransanci, aka ce ga Ari. Faransancinsa gurgu ne kamar nawa, shi ya sa muka fahimci juna tun ranar farko. Inda kalma ta ƙare sai mu ƙarasa da hannu. Na zama ni ne shugaban masu haƙa, ni ne tafinta, wani lokaci ni ne kuku in kukun ya yi fushi.

Yana da akwatin ƙarfe da ba ya bari kowa ya ɗaga. In za a ɗora a kamyo, wato babbar motar kaya, shi ke ɗauka, ya zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai. Ni kuwa kun san halina, abu a rufe ba ya barina in sake. Na yi ta zagaye har wata rana da hantsi ya buɗe a gabana, ya zaro wani abu a cikin safar ulu, ya tuɓe safar. Kwalba ce baƙa, bakinta a like da jan kakin zuma, da 'yar takarda a jiki an yi rubutun hannu. Na ce masa ashe giya ce, ai ga ta can bariki ganga-ganga sojoji suna sha suna rangaji. Sai ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Ali," haka yake kirana, "ta sojoji an tara inabin gonaki ɗari an zuba wuri ɗaya, kamar hatsin rumbun kumandan. Ba ta da uba. Wannan gona ɗaya ce. Ɗaya."

Ya zauna ya zana mini a rairayi. Gangaren tudu ne mai kallon fitowar rana, ƙasarsa fararen duwatsu da ba su riƙe ruwa, kakansa ne ya dasa itatuwan inabin, gajeru ne ko ƙugu ba su kai ba, sun tsufa sun murɗe, kowane 'ya'ya kaɗan yake yi. Ubansa ba ya yarda a gauraya inabin wannan gangare da na kowa, ko da na gonarsu ta ƙasa. Shi kaɗai ake tsinka, shi kaɗai ake matsewa, ya kwana shekara biyu a gangar itace cikin rami. Ya ce wanda ya sani, in ya kurɓa zai gaya maka gangaren, ya gaya maka ko an yi ruwa a shekarar. Na yi dariya na ce to ai kai ɗan Abba ne ba ka sani ba. Ranar da na je kwari na dawo masa da dabino biyu, ɗaya na 'Yar Gata ɗaya na Mai Rowa, ban ce masa komai ba. Ya ci na farko, ya kurkure baki, ya ci na biyu.

"Wannan tana kusa da ruwa," ya ce. "Wannan kuwa ta sha wuya. Ta biyun ta fi."

Da na gaya wa Abba, sai ya ce, "Af. Ashe a cikinsu ma akwai masu baki."

Bazara ta shigo. Ku da kuka tashi a Yamai kuna cewa kun san zafi, ba ku san zafin Gure ba, wanda ƙadangare ke tafiya yana ɗaga ƙafa. Na ga Panyol ya shiga damuwa. Kullum da azahar ya buɗe akwati ya taɓa kwalba da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya ce zafi yana dafa ta, in ta dahu ta mutu, sai tsami. Abu uku take so: sanyi, duhu, da kwanciya a gefe don toshiyar bakinta ta zauna a jiƙe. Ya naɗe ta da tsumma mai ruwa, kafin ya juya tsumman ya bushe. Ya sa a gindin randa, kuku ya kusa tuntuɓe da ita. Sababbin rijiyoyinmu kuwa kowa na leƙawa. Ku lura, bai roƙe ni ba. Ni na buɗe bakina na ce na san wurin da ya fi ko'ina sanyi a ƙasar nan, inda Inna Falmata, kakarku, take rataya ƙwaryar man shanu ya kwana bakwai bai narke ba. A bangon rijiyarmu, kamu biyu sama da ruwa, akwai wani kogo a bayan kututturen goriba, ni na gano shi ina yaro. Na yi lissafina tsaf irin na mai son abu: kwalba a like take, ba ta taɓa ruwa, wata biyu ne kawai damina ta faɗi. Na je ranar kasuwa lokacin da kowa ya tafi, na sauka, na kwantar da ita a safarta, na hau jakina ina jin kaina mai dabara.

Mako uku lafiya lau. Ranar Alhamis ta huɗu na gangaro kwari da hantsi, tun daga tudu nake jin hayaniya. Na tarar da mutane sun kewaye rijiya, maza da mata, har masu kanwa sun bar aikinsu. Ashe igiyar ƙwaryar Inna ce ta tsinke, Bukar ya sauka ɗaukowa, ya dafa kututture, hannunsa ya shiga kogo, ya zaro abu bai san mene ne ba ya miƙo sama. Ga ta nan a tsakiyar fili a kan rairayi, an zana da'ira an kewaye ta, ba mai matsawa. Inna ta yar da mayafi tana tafa hannu.

"Sammu ne! Baƙar kwalba, an like da jini, ga rubutu a juye! A rijiyar da 'ya'yana ke sha! Shi ya sa gwiwar mai gida ta ƙi, shi ya sa Mai Rowa ta zubar da fure!"

Wata ta ce ai Mai Rowa kullum tana zubarwa. Inna ta ce, "Ke wa ya tambaye ki?"

Limamin kwari, Malam Kyari, ya tsuguna daga nesa yana leƙen takardar, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ce shi dai a duk karatunsa bai taɓa ganin hatimi irin wannan ba. Daga nan ido ya fara komawa wuri ɗaya. Wa ke da faɗa da gidan nan? Wa garkarsa ke manne da tamu? Ba Madu yana tsaye da sandarsa, tsoho ne mai baƙin rai amma bai taɓa cutar kowa ba.

"Falmata, ni kike kallo? Shekara arba'in muna shan ruwa ɗaya, ni kike kallo?"

"Ban kira suna ba, Ba Madu. Amma wanda ya ji a jikinsa ya sani."

Wani ya ce a ɗauko Alƙur'ani Ba Madu ya dafa. Kun san rantsuwa a wurinmu ba wasa ba ce. Ko mutum ya fita, shi da jikokinsa sun zama gidan da aka taɓa rantsar. Abba yana zaune a kan kututture yana kallo. Sai na ji an ja ni ta baya. Bukar ne, jikinsa duk laka, ya ja ni bayan 'Yar Gata.

"Yaya, safar nan ta Nasara ce. Na gane bayan na riga na miƙa."

Ya ƙara matsowa kusa da kunnena ya ce:

"Ka yi shiru. Zan ce ni na tsinta a hanyar bariki na ɓoye. Ni ba abin da za a ba ni, ba abin da za a hana ni."

Wannan shi ne mutumin da kuka gaisar a tsaye. Ku sake karanta layin nan kafin ku wuce.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na auna maganar, na ɗan lokaci kamar shan ruwa. Sai na hangi an taho da Alƙur'ani a cikin gafaka, Ba Madu ya ajiye sanda yana naɗe hannun riga zai yi alwala. Na fito, na tsallaka da'irar, na ɗauki kwalbar. Mata suka yi salati suka ja baya. Na ce ba sammu ba ne, jan nan kakin zuma ne, rubutun sunan gona ne, giyar inabi ce ta Panyol, kuma ni na sa ta da hannuna don ta sha sanyi. Sai wani daga masu kanwa ya ce, "Don ta sha me?" Na ce sanyi. Dariya ta ɓarke ta wani gefe, salati ta wani gefe. Inna ta zauna daɓas a ƙasa ta ce da ma sammun ne, ai da ta san malamin da za ta je wa.

Wasu samari suka ce a fasa ta. Abba ya ɗaga hannu, karo na farko.

"Amana ce. A mayar wa mai ita yadda aka karɓo."

Malam Kyari ya ce tunda a like take, ba ta taɓa ruwa ba, ruwan mai tsarki ne. Abba ya ce, "Na ji, Malam. Littafi ya wanke shi, saura bakin mutane." Kwana uku muna kwashe rijiyar nan, ni da Bukar, guga bayan guga, tana tsattsafowa muna kwashewa, har muka ga farin yashin gindi. Bukar bai ce mini ko sannu da ɗanyen aiki ba. Abba kuma ya taka da gwiwarsa mai ciwo har ƙofar Ba Madu, ya ba shi haƙuri, ya ce daga yau Karkatacciya tasa ce, gindi da 'ya'ya. Faɗan shekara ashirin ya ƙare a kan wautata. Ni kuwa ko kallona bai yi ba, maganar garka ma bai tayar ba, ni ma ban isa in tayar ba.

Da Panyol ya ji, ya cire hula ya yi ta dukan gwiwarsa da ita. Ya ce sai ya je ya ba tsoho haƙuri da bakinsa. Na so in hana, ya ƙi. Muka je da safe, ya tuɓe takalma tun daga bakin garka ba wanda ya gaya masa. Na zauna tsakani ina juya magana. Panyol ya ce laifinsa ne, kuma don ya wanke zai ɗaure wa Abba rijiya da siminti kyauta. Abba ya ce ya gode, amma ya sha ruwan rijiyar siminti ta hanyar Kelle, ruwan ya zama na kowa, shi nasa ɗanɗanon goriba gare shi. Panyol ya yi dariya ya ce ubansa ma haka ya kori mai sayar da gangar ƙarfe. Daga nan haƙuri ya koma hira. Abba ya shiga tambaya: ana ba inabin ruwa ko sama ake jira? Ana yi masa aure kamar dabino, a ɗauko garin namiji a kai wa mace? Wane wata ake sassabe rassa, idon toho nawa ake bari? Da ya ji cewa da gangan suke barin itacen da ƙishi don 'ya'yan su yi ƙarfi, sai ya nuna Mai Rowa da haɓa ya ce, "Ka ji ko?" A cikin hirar Panyol ya ambaci jirgin ruwan da ya ɗauko shi daga ƙasarsu. Nan na manta da aikina. Na shiga tambayarsa girman jirgin, kwana nawa a ruwa, da gaske ne ba a ganin gaɓa, me ake ci, ana ɗaukar baƙaƙe aiki? Sai da Abba ya yi gyaran murya ya ce, "Tafinta, mu ma muna nan."

Bayan kamar kwana goma kamyon wasiƙu ya zo daga Damagaram. Da la'asar Panyol ya kira ni rumfarsa, na tarar da takarda a buɗe a kan tebur an danne da dutse. Ya ce ƙanensa ne ya rubuto. Yaƙi ya tashi a ƙasarsu, ba da baƙi ba, tsakanin 'yan gari ɗaya, kuma tsohon ya rasu tun cikin sanyi, a gadonsa dai, takardar ce ta yi wata biyar a hanya. Ƙanen ne ke riƙe da gangaren yanzu. Ya ce ranar da zai bar gida uban ya ba shi kwalbar nan, wadda aka ɗura a shekarar, ya ce ya buɗe ta ranar da ya yanke shawarar komowa. Shekara tara yana yawo da ita.

"Yau za a buɗe," ya ce. "Amma ba a shan irinta mutum shi kaɗai. Ka zauna. Ba sai ka sha ba."

Na zauna da kofin ruwa da dabino. Ban taɓa ganin an yi wa abin sha ladabi irin na ranar ba. Tun azahar ya tsayar da ita cikin jiƙaƙƙen tsumma a inda iska ke bi, ya ce ba a son ta da ɗumi, ba a kuma son ta da sanyin da zai rufe mata baki. Ya kankare kakin da wuƙa, ya murɗa ƙarfe a toshiya, ya zaro a hankali, ya shinshina toshiyar, ya lumshe ido ya ce tana da rai, rijiyar Abba ta yi aikinta. Na zaci zai zuba, sai ya ajiye ta a buɗe ya ce a bar ta ta sha iska, wanda ya yi shekara tara a ɗaki ba ya fitowa ya fara magana nan take. Muka jira har inuwar rumfa ta kai gindin gawo. Kafin nan ya sa na gasa haƙarƙarin rago da gishiri kawai. Na ɗauko yaji ya riƙe mini hannu.

"Nama ba yaji?" na ce. "Ai wannan jinya ce."

"Yaji sarki ne, Ali. In ya shigo, kowa shiru yake yi."

Ya zuba a kofin gilashi, ko rabi bai kai ba. Ya karkata shi a kan farar rigarsa ya ce in duba: tsakiya ja mai duhu kamar zoɓo mai kauri, gefe kuma ya koma launin jan bulo, ya ce shekaru ke nan. Ya juya kofin a hankali har ruwan ya zagaya ya gangaro, ya sa hanci ya daɗe. Sannan ya kurɓa kaɗan, bai haɗiye ba, ya juya a baki daidai yadda Abba ke juya dabino. Ya ci nama, ya sake kurɓa. Can ya ce, "An yi fari a shekarar. Ga shi nan." Ya miƙo mini kofin wajen hanci.

Ku riƙe wannan da kyau: ko ɗigo bai taɓa harshena ba, ranar ko bayanta. Hanci kuwa, na tambayi malamai a Kano, na tambaya a birnin Lami, har a Makka na tambaya, kowa da abin da ya ce, ɗaya ma dariya ya yi ya ce in tafi in ba shi wuri. Na shaƙa dai. Da farko tsami na ji kamar tsamiya ta kwana a jiƙe, na yamutsa fuska. Ya ce in sake, a hankali. Sai ga ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, ga busasshen dabino, ga wani abu kamar rumfar dukawa in an shanya sabuwar fata, can ƙarshe kanumfari. Na gaya masa. Ya ce fatar da kanumfarin na ganga ne, ƙasar kuwa ita ce gangaren. Na zauna ina mamaki, tudun da ban taɓa gani ba, bayan hamada da teku, ga shi ya shigo hancina a Gure. Shi hawaye yake yi, ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ke raina shi ne in je in ga wurin. Kofi biyu ya sha, ya toshe sauran. Na tashi na tafi sallar magariba.

Damina ta faɗi, aka sauke dabino, shekarar ta yi albarka har Mai Rowa ta yi abin kirki. Abba ya tara mutane a gindin 'Yar Gata, da Malam Kyari da Ba Madu da dattawan kwari. Na sa farar rigata. Abba ya ɗauki igiyar hawa da wuƙar sassabe, kayan da ubansa ya ba shi, ya riƙe su ɗan lokaci, ya ce:

"Bukar, matso."

Bukar bai motsa ba. Ya ce, "Abba, Yaya ne babba." Abba ya ce ya san wanda ya fara haifa. Sai da ya kira sau uku, har Malam Kyari ya ce, "Yaro, ubanka na kira," sannan ya taso yana kuka kamar shi aka hana. Aka yi fatiha, aka raba dabino, mutane suka watse suna satar kallona.

Na bari sai da wuri ya yi shiru. Abba yana bakin rijiya yana wanke ƙafa. Na tsuguna na ce, Abba, na san na yi laifi, amma na faɗi gaskiya a gaban jama'a, na kwashe rijiya, ashe kwalba ɗaya ta isa ta raba ni da garka? Ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafarsa.

"Kwalba? Ai ranar da ka tsallaka ka ɗauke ta a gaban mutane, ranar na fi jin kai ɗana ne. Ba ita ba ce. Ranar da baƙonka ya zo, ina sauraronku. Ni ina tambayar ƙasa, kai kana tambayar jirgi."

Na ce ai tambaya ce kawai. Ya ajiye buta, ya dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda yake duban bishiya yana auna ko za ta haihu.

"To Ari, gaya mini. Da na ba ka, ranar da kamyon baƙon nan zai tashi, wa za ka bar wa?"